Dattijon da Ya Ƙi Cire Shibra

Ranar da muka binne Kawu, ƙanin mahaifiyata, mutane sun cika ƙofar gidansa da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda har suka toshe hanya. Yawancinsu ba 'yan majami'armu ba ne. Mu nawa ne ma a majami'ar? Ko ranar Kirsimeti benci takwas sun ishe mu.

Limamin unguwa ya zo da sandarsa, ya zauna kusa da ni, ya ce, "Sannunku da haƙuri. Shekara hamsin muna maƙwabtaka, sau ɗaya na taɓa jin ya ɗaga murya, shi ma da akuya yake." Wani tsohon ardo ya taso tun daga yankin Zurmi a bayan babur, a kan hanyar da matasa ma ke tsoron bi. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya tambaye ni da Fulatanci ko Kawu ya sha wahala kafin ya cika, na ce zazzaɓin kwana huɗu ne kawai, sai ya rufe fuska da rawani. Matan zumunta na majami'ar Shinkafi sun iso a mota ɗaya, suka shige cikin gida suna waƙa suna buga tulu. Wata tsohuwa daga cikinsu ba ta yi waƙar ba. Ta tsaya a bakin zaure tana faɗa kamar mamacin na jin ta: "Ka tahi ka huta, ka bar mu da aiki. Wa ka bar ma wanga kaya?"

Kowa ya san kayan da take nufi. Can ƙarƙashin dalbejiya, nesa da layin masu karɓar gaisuwa, wani mutum ɗan kimanin shekara arba'in yana zaune a kan tsohuwar taya, jar ƙasa har gwiwar hannunsa. Shi ya fara haƙa kabarin tun kafin sauran su iso. Masu gaisuwa kan bi layi suna miƙa hannu, in sun zo daidai da shi sai su dubi wani gefe. Bakanike ne, mai gyaran babur, ɗan majami'armu. Rabin garin sun yi imani cewa infoman 'yan bindiga ne, kuma abin da ya hana a taɓa shi shekara uku shi ne Kawu ya tsaya masa. Yanzu ga Kawu a ƙasa.

Zan dawo kan bakaniken. Bari in fara da mutumin da ya sa na ɗauki alƙalami, domin jikokinsa sun warwatsu, wasu a Jos wasu a Legas, kuma ina tsoron nan da 'yan shekaru abin da za su sani game da shi bai wuce hoton da ke jikin bango ba.

Kawu ya girme ni da shekara goma sha biyu. Shi ya goya ni zuwa gona, shi ya fara dukana, shi ya raka ni tasha ranar da na tafi koyon aikin malamin dabbobi. Aikin nan ya kai ni wurare da yawa. Na yi allurar shanu a Maraɗi da Gaundare, na zauna Kumasi, na ga Khartum, na ƙare a Jos. Na yi sujada da Faransanci da Yarbanci da Fulatanci da Turanci, na ji masu wa'azi waɗanda in suka buɗe baki sai tsigar jikinka ta tashi. Kawu kuwa iyakar tafiyarsa Zariya, ita ma don ciwon ido. Karatunsa da yatsa yake bi, baƙi bayan baƙi. In na dawo hutu ina ba da labarin duniya, yakan saurara har in gama, sannan ya ce, "To, Mai-yawo, can ma gero na tsirowa in ba a shuka ba?"

Dattijon ikkilisiya ne fiye da shekara arba'in. Ƙararrawarmu guntun ƙarfen dogo ce da aka rataya a reshen tsamiya, kuma shi ke buga ta kowace Lahadi. A shekarun nan da hanya ta lalace, malaman makaranta da 'yan kasuwa da ma'aikatan asibiti suka kwashe iyalansu suka koma kudu, akwai Lahadin da shi da tsofaffin mata biyu ne kaɗai suka zo. Bai rage komai ba. Ya share ɗakin duka, ya goge benci takwas ɗin duka, ya yi sanarwa a tsaye kamar ɗakin a cike yake. Na taɓa yi masa tsiya, na ce, "Kawu, sanarwar mi kake yi wa mutum biyu da kunka kwana unguwa ɗaya?" Ya ce, "Bawan da anka bar wa tsaron gida ba ya ƙirga baƙi. Ƙofa anka ce ya riƙe."

Haka yake da misalan da Ubangijinmu Yesu ya bayar. Ba ya ɗaukar su a matsayin darasi. Yana jin su kamar labarin wani manomi ne na ƙauyen gaba, wanda za ka iya zuwa ka duba gonarsa. In aka karanta misalin mai shuka, sai ya tsayar da mai karatu ya ce wannan mutum ko dai iri ya yi masa yawa ko zuciya, don babu manomin Zamfara da zai watsa iri a kan hanya. Sai ya ƙara da cewa, "Da bai watsa ba kuwa, da bai kai gare mu ba. Mu ai bakin hanya muke."

Wata rana a kasuwar Zurmi muna zaune da ardon nan da na ambata, lokacin bai tsufa haka ba, Kawu ya ce in fassara masa misalin makiyayin da ya bar tumaki casa'in da tara a daji ya tafi neman ɗaya da ta ɓace. Yana so ya ji ra'ayin mai sana'ar. Na fassara. Ardo ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce wannan ba makiyayi ba ne, mahaukaci ne, kafin ya dawo kura ta raba masa gado. Kawu bai musa ba. Muka ci gaba da shan fura. Can sai ardo ya ajiye ludayi, ya ce a hankali, ni kaɗai yake kallo, "Amma na taɓa yi. Wata karsana ce, uwarta ta mutu a hannuna. Kwana biyu na bar garke." Da na mayar wa Kawu da Hausa, sai na ga idanunsa sun kawo ruwa. Ya ce, "Tambaye shi ko ya yi nadama." Ardo ya ce a'a. Abotarsu daga nan ta fara, kuma har suka rabu babu wanda ya nemi ya juya ɗan'uwansa daga addininsa.

Shekara huɗu da suka wuce aka tare motar da bakaniken ke ciki a hanyar Shinkafi, aka shiga daji da su. Sauran fasinjojin, wasu sun dawo bayan makonni, wasu ba su dawo ba. Shi aka riƙe shi, don sun gane sana'arsa. Wata bakwai yana gyara musu babura. A cikin watannin nan ne mutane a kan babura suka tare hanyar Gurbin Bore ranar kasuwa, suka harbe mutum biyar. Ɗan Kawu na fari yana cikinsu. Ya je sayen irin gyaɗa ne.

Da damina ta faɗi sai ga bakanike ya shigo gari da ƙafarsa. Ba a kai wa kowa komai ba aka sake shi, kuma bai rame ba. Waɗannan abubuwa biyu suka kashe shi a idon mutane. Duk wanda ya taɓa dawowa daga daji ƙashi da fata yake dawowa, shi kuwa ga kumatu. Ya ce suna ba shi abinci ne don hannunsa kada ya yi rawa, ya ce wani daga cikinsu da ya yi wa jinyar ƙafa ne ya nuna masa hanya. Babu wanda ya gaskata. Dangin matarsa suka zo suka kwashe ta da 'ya'yan. Maganar ta kai ga 'yan sa-kai, masu tsaron gari, waɗanda su ma kowannensu ya binne wani nasa. Shugabansu ya aiko wa majami'a da saƙo mai sauƙi: mutuminku ne, ku kuka san shi. In kun ce ba naku ba ne, mun san abin yi.

Ina Kaura a lokacin, na zo gaisuwar ɗan Kawu ban koma ba, don haka aka sa ni cikin zaman dattawa bayan sujada. Fastonmu matashi ne da aka turo daga birni, mutumin kirki mai tsoron Allah, kuma abin da ya faɗa ba shirme ba ne. Ya ce mu 'yan kaɗan ne a garin nan, zaman lafiyarmu ya dogara ga yardar maƙwabta. In aka ce majami'a na ɓoye infoma, ba mutum ɗaya za a taɓa ba. Ya ce ikkilisiya ma an umarce ta ta tsarkake kanta. Ni na goyi bayansa, har na fi shi zafi. Na ce na ga wata ƙasa inda aka ƙone ɗakin sujada saboda laifin mutum guda. Aka kusa gama magana a kan a sanar ranar Lahadi mai zuwa cewa an fitar da shi.

Daga ƙarshe aka tambayi Kawu. Ya miƙe da kyar, ya ce, "Ni ban iya magana bisa benci ba. Ku taho gona. Ba aiki za mu yi ba, na san Lahadi ta. Kallo za mu yi."

Gonarsa tana bayan gari, tafiyar rabin sa'a. Gero ya yi mako uku da shuka, bai kai ƙwauri ba, daidai lokacin da ake bi rami rami ana rage shi, a bar uku ko huɗu masu ƙarfi. A lokacin ne kuma manomi ke ƙoƙarin raba shi da shibra. Shibra 'yar'uwar gero ce ta daji, tare suke tsirowa a rami ɗaya, ganye iri ɗaya, kore iri ɗaya. Sai ta fitar da kai ake ganin halinta, siririn kai mai gashi wanda ƙwayarsa ke zubewa da an taɓa. A Maraɗi ma haka suke fama da ita, Zabarmawa kuma suna da nasu sunan da suke kiran ta.

Kawu ya tsaya a kan wani rami mai tsiro shida. Ya ce, "Fasto, kwanan baya ka karanta muna labarin mutumin da maƙiyi ya shuka wa mugun iri cikin alkama, barorinshi sunka ce bari su tumɓuke, yac ce su bari har girbi. Mu nan ba mu da alkama sai ta fadama. Shibra muka sani. To, cire mini shibrar da ke ramin ga."

Fasto ya yi murmushi, ya duƙa, ya zaɓi wadda ta fi siranta ya cire. Kawu ya juyo gare ni. "Mai-yawo, kai ɗan gida na. Akwai saura?" Na duba da kyau, na ga wata mai kaushin ganye, na tumɓuke ta ba tare da shakka ba.

"Da mi kunka gane?"

Fasto ya ce tasa ta rame. Ni na ce tawa ganyenta na da gashi.

Kawu ya ce, "Shekara saba'in ina wanga aiki. Kowace damina ina cewa bana kam na gane ta. Kowace kaka sai in iske ta tsaye cikin gona tana kallona. In ita tana tsaye, to wanda na cire a madadinta mi ne ne?" Ya karɓi tsiron biyu daga hannunmu, ya karkaɗe ƙasar saiwarsu, ya miƙo mana. "Na canza shawara. Ku maida su."

Muka tsaya riƙe da su. Saiwar tawa ta tsinke, ganyen ya fara laushi a tafin hannuna.

Fasto bai yi saurin ba da kai ba. Ya ce, "Amma Baba, duk da haka kuna ragewa kowace shekara. Ba ku barin gona ta zama daji."

"Muna ragewa, don gero na. In na yi kuskure, zangarniya guda na rasa. Wanga mutum na, kuma ka san inda za a kai shi in munka sake shi." Ya nuna ni da haɓa. "Wanga da kake gani, shekarar da yunwa ta kama mu yana ƙarami, shibra ta riga gero nuna. Yayata ta bi gona tana karkaɗe ta cikin ƙwarya, da kununta ya rayu. Ban ce shibra gero ta ba. Mai gonar ya ce za a rarrabe, har da wuta ya ambata, ban ƙaryata shi ba. Amma ya faɗi ranar, ya faɗi ma'aikatan da za shi turo, ni ko na saurara da kyau ban ji sunana ciki ba. Ban ji naka ba, Fasto."

A nan ne na faɗi maganar da har yau nake jin nauyinta. Na ce, "Kawu, jinin ɗanka bai bushe ba. Wataƙila baburan da wanga ya gyara su sunka kai su gare shi."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni na wanke gawar, ba kai ba. Na san inda harsashin ya shiga." Ya juya ya kama hanyar gida. Wata biyar bayan nan bai amsa gaisuwata ba in na kira a waya, sai ya miƙa wa matarsa.

Dattawa ba su fitar da bakanike ba, amma ba su wanke shi ba. Aka tsaya a tsakiya: zai iya shiga sujada, amma ba zai ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa don tunawa da Yesu. Washegari Kawu ya tafi wurin mai unguwa da shugaban 'yan sa-kai, ya ce mutumin yana hannunsa. Shugaban, wanda Kawu ya san shi tun yana tsirara, ya ce, "Baba, don kai. Muddin kana numfashi babu mai taɓa shi. In wani abu ya faru ko, ƙofarka za mu buga." Kawu ya share wa bakanike ɗakin zaure, ya ce ya kafa gyaran babur ɗinsa ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, inda kowa zai ga wanda ya zo da wanda ya tafi.

Ranar Jibi ta farko, da aka kira masu ci su matso, Kawu ya tashi daga bencin dattawa ya koma na ƙarshe, ya zauna kusa da bakanike. Aka kawo masa gurasa da ƙoƙo, ya girgiza kai. Mutumin da tun kafin a haifi fasto bai taɓa fashin Jibi ba, ya zauna hawaye na bin gemunsa yana kallon ƙoƙo na wucewa. Haka ya yi wata bayan wata. Ba ya gardama, ba ya zuga kowa, ƙararrawa ma bai fasa bugawa ba. Da shekara ta kusa zagayowa, wata Lahadi fasto ya gama ba na gaba, ya tsaya da ƙoƙo a hannu har mutane suka fara waiwaye. Sai ya tako har bencin ƙarshe. Ya fara miƙa wa bakanike, sannan Kawu. Daga baya ya gaya mini cewa bai sami wata sabuwar hujja ba, ya dai kasa ci gaba da kallon tsohon nan yana jin yunwa.

Matar Kawu, wadda duk muke kira Inna, ba ta bi mijinta a wannan ba. Ita ce uwar wanda aka harbe. Ba ta ƙi dafa abinci ba, domin Kawu ya ce a akushi ɗaya zai riƙa ci da mutumin. Takan kawo tuwo ta dire a bakin zaure ta ce, "Ga na baƙonka," ta juya. Bakanike ya gaishe ta safe da yamma, durƙushe, shekara uku, ba ta amsa ko sau ɗaya ba. Kawu bai taɓa tilasta mata ba. Ya ce ita ta ɗauki cikin, ba shi ba.

Da muka shirya ni da shi, na zo Kaura na same su suna cin abincin rana. Bayan bakanike ya koma kan aikinsa, na tambayi Kawu abin da ke cina. Na ce, "Yanzu da kun zauna haka, ka tabbata ba shi da hannu?"

Na ɗauka zai ce ya tabbata. Da ya ce haka da na sami sauƙi, da labarin ya zama na tsoho mai hangen da ya fi namu.

Ya ce, "Ban sani ba."

Na ce, "Ko kaɗan?"

"Wata rana ina dubin shi in ji kamar ɗa na samu. Wata rana in ga hannunshi cikin akushi, in tuna wanga hannu ya ɗaure tayar babur a daji, sai tuwo ya tsaya mini a wuya. Sai in sha ruwa in ci gaba." Ya goge bakinsa. "Da na sani, ai da ba wani abu na yi ba. Ko ɗan sa-kai na tsaya wa wanda ya tabbata ba shi da laifi."

Na yi sujada a Legas a ɗakin da ke ɗaukar mutane fiye da na unguwarmu duka, inda ake alkawarta wa kowa buɗi kafin ƙarshen wata. Na zauna a taron shugabanni a Jos inda aka wuni ana gardama a kan wa ya cancanci zama a gaba. Na ga ikkilisiyoyi sun rabu biyu, kowane ɓangare da tabbacin cewa shi ne gero. Mun zama masu saurin ganewa. Tsoro ne ya sa, na sani, don ni ma tsoron ne ya yi magana da bakina a gonar nan. Amma a duk yawona ban ga wanda ya ɗauki misali ɗaya tak na Ubangijinmu ya zauna a cikinsa da dukan nauyinsa kamar wannan tsoho da ke karatu da yatsa ba. Tun ranar da ya ce mini bai sani ba, in na tsaya a gabansa sai in ji ina rage murya.

A kwana na uku da rasuwarsa, da hantsi, shugaban 'yan sa-kai ya zo da mutum biyu. Suka jingine bindigoginsu a bangon maƙwabci don girmamawa, suka durƙusa suka yi gaisuwa yadda ya kamata. Shugaban ya ce Baba uba ne ga kowa. Sannan ya gyara zama ya dubi dalbejiya.

"Ba don rashin kunya ba, amma magana ce tsakanina da marigayi, kuma kowa ya shaida. Alkawarin ya cika. Yanzu wa ka tsaya wa wanga?"

Bakanike ya ajiye sifanar da ke hannunsa. Bai tashi ba, bai gudu ba.

Fasto ya buɗe baki, shugaban ya ɗaga masa hannu. "Fasto, yi haƙuri. Kai baƙo na, gobe a canza maka gari." Ya juyo gare ni. "Kai ma Malam, jakarka na ɗaure." Gaskiya ya faɗa, kuma ina jin kunyar rubuta cewa na ji sanyi a raina da ya cire ni. 'Ya'yan Kawu maza da suka rage duk a kudu suke zaune, suka sunkuyar da kai. Sauran dattawa biyu suna kallon ƙasa. Liman ya yi gyaran murya kawai, ba huruminsa ba ne.

Sai labulen zaure ya motsa. Inna ce, wadda bai kamata a ga ƙafarta a waje ba a kwanakin nan. Ta fito da baƙin mayafi, ta dafa bango, ta tsaya a gaban maza.

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Kunya ce da ake riƙewa har kabari. Tun da ta haife shi ban taɓa jin sunan a bakinta ba, ko ranar da aka kawo gawarsa "yaron nan" ta ce. A ranar nan ta faɗi sunan, cikakke, da ƙarfi, har matan da ke cikin gida suka yi tsit.

Ta ce, "Ni na haife shi. In akwai mai jini bisa wanga mutum a garin ga, ni ta. Ko akwai wanda ya fi ni?"

Shugaban ya ce, "Babu, Inna."

"Ban yahe ba. Kada wani ya tahi ya ce na yahe. Ban san ko mi ne ne shi ba, uban yara ma har ya mutu bai sani ba. Amma shekara ukku ya haɗiye tuwo da shi don kada a yi abin da ba a maidawa, ni ko ba ni bari a yi shi kwana ukku da rufe shi. Yana hannuna. In wani abu ya faru, ƙofata za ku buga."

Shugaban ya gyaɗa kai. Ɗaya daga cikin mutanensa ya motsa kamar zai yi magana, shugaban ya dafa masa gwiwa. Ya ce, "Mun ji, Inna. Allah ya ba da haƙuri." Suka tashi, suka ɗauki bindigoginsu, suka tafi.

Inna ba ta koma ciki nan take ba. Ta juya wajen dalbejiya, karon farko ta dubi bakanike ido cikin ido. Fuskarta babu fara'a. Ta ce, "Kai kuma tashi. Randa ba ruwa, ga baƙi cike da gida."

Ya tashi. Ya shiga zaure ya fito da jarka biyu, ya nufi famfo, mutane suka buɗe masa hanya.

Na dawo Jos bayan mako guda, kuma har yanzu ban san ko mene ne mutumin nan ba. Ranar da za a sani tana hannun Mai gonar. Allah ya hutar da Kawu a wurin Ubangijin da ya tsare wa ƙofa, ya ƙara wa Inna kwana da ƙarfin ƙafa, mu kuma ya riƙe hannuwanmu har ranar.